Akwatin da Ya Ƙoshi da Gaisuwa

Tun da na fara aikin nan akwai ranar da ta ƙi fita raina, ita ce ranar da akwatinmu ya ƙi tashi a rugar Ardo Manu, can bayan Lolo. Ku sababbin da aka ɗauka bana kun dame ni da tambaya: me ya sa nake hana ku yanke gaisuwa in kun naɗo muryar mutum, me ya sa kullum sai na duba akwati kafin mu hau babur. Na gaji da amsa muku ɗaya bayan ɗaya. Ga shi na rubuta, kowa ya karanta, kada a sake tambayata.

Saboda wanda ba ɗan gida ba, bari in fara da fayyace mu. Ƙaramar ƙungiya ce ta masu kula da lafiyar dabbobi, ofishinmu ɗaki biyu ne a Bagudo. Tawagarmu ta fita daji mutum uku ce. Akwai shugaban tawaga, shi ne mai allura, lokacin Dakta Haruna ne. Akwai jami'ar bayanai, Anti Balkisu, wadda ba kullum take bin mu ba. Sai ni, Sa'adatu, mai riƙon akwati, ƙasan kowa. Sakandare na gama, aka ɗauke ni don hannuna yana da sauri a waya. Bakina ma haka, wannan kam ba sai an gaya muku ba.

Akwatin kwamfuta ce 'yar mitsitsiya, ba ta wuce sabulun wanki ba, ba ta da fuska, ba ta da madannai. Fawa bank ke kunna ta. A cikinta Anti Balkisu ta girka abin da ake kira wiki, wato tarin shafuka da kowannenmu zai iya buɗewa ya karanta, ya gyara, ya ƙara. Kowace ruga da shafinta, kowace cuta da shafinta, kowane magani da yadda ake ba da shi. In ka kunna akwatin, sai ya fitar da waifai nasa na kansa, ka kama da wayarka ka buɗe shafukan, ko da a tsakiyar fadama kake. Dalili kuwa, duk wanda ya san yankinmu ya san halin sabis. Kana wuce Lolo wayarka za ta mutu, ko ta kama layin ƙetare ta bar ka da kallo. Da akwati a jaka, ba ruwanmu da wannan.

Abu ɗaya ne ba ku gane ba har yanzu, shi ne wurin ajiya iri biyu ne a cikinsa. Akwai kati, irin na waya, wannan rumbu ne, yana cin kaya sosai. Akwai kuma ram, shi ne inda akwatin ke baza abin da yake aiki da shi a lokacin, kamar faifan da mace ke tsintar shinkafa a kai. Rumbunmu babba ne, faifan ƙarami. Kuma halin wikin namu a wancan lokaci shi ne, da an kunna shi sai ya kwaso duk abin da ke cikin shafuka ya juye a kan faifai kafin ya buɗe wa kowa ƙofa. In rubutu ne kawai, ba matsala, rubutu ba shi da nauyi. To amma mutanenmu ba da rubutu suke aiki ba, da murya suke yi.

Makiyayi ba zai karɓi takarda daga hannunka ya yarda ba. In kana son ya saurare ka, kawo masa muryar wanda ya sani. Saboda haka ma'aikatanmu suka riƙa naɗo muryoyin ardo-ardo da dattawan ruga suna liƙawa a cikin shafuka. Dokar Anti Balkisu ce kuma, da ka zuba murya a akwati ka goge ta daga wayarka, don muryar mutane amana ce, ba a yawo da ita a wayar da ake ara wa kowa. Kuma kun san mu. Ba wanda zai buɗe baki ya faɗi saƙo kai tsaye. Sai an yi ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina shanu, ina wane, ina wance, har a gaida jaririn da aka haifa jiya. Saƙon kansa numfashi biyu ne, gaisuwar kuwa sai ka gama cin tuwo ba a gama ta ba.

Na daɗe da lura akwatin ya fara nauyin jiki wajen tashi. Na faɗa a taron ofis, gaban kowa. Na ce a yanke gaisuwar nan duka a bar saƙo, ko a sayo babban akwati. Anti Balkisu ta ce ta ji, za ta zauna da shi in an gama zagayen allura, amma ba za a yanke komai ba. Na yi tsaki a zuci, ina jin ma ya ɗan fito waje.

Lokacin an gama yankan shinkafa, ciyawa ta fara bushewa, garkuna na shirin gangarawa kudu su ƙetare iyaka. Ciwon huhu kuma ya ɓulla a wasu rugage. In garke ya tafi ba allura, ya haɗu da wasu a mashaya, to sai abin da Allah ya yi. Ardo Manu na da garke babba, kuma ya ƙi allura ƙememe. Sau biyu Dakta na zuwa wurinsa. Ba faɗa, ba zagi, magana ɗaya yake maimaitawa: sai ya ji daga bakin Baffa Juli. Baffa Juli tsohon amininsa ne, an riga an yi wa nasa shanun, kuma ya riga ya ƙetare. Allah ya taimake mu wani abokin aikinmu ya cim masa kafin ya tashi, ya naɗo muryarsa, ya zuba a akwati. A shafin ya rubuta a taƙaice: Baffa Juli ya ce Ardo Manu ya yarda a yi allura.

Muka samu labari Ardo zai tashi ranar da la'asar. Muka fita da sassafe, babur biyu, da kula cike da ƙanƙara da kwalaben allura. Anti Balkisu ta ce za ta bi mu don ba ta taɓa zuwa rugar ba. Abin da ban sani ba shi ne, ana gobe za mu tafi, da yamma, tawagar da ta dawo daga Sharabi da ta Bahindi duk sun juye nasu muryoyi da hotuna a akwatin yana kunne. Ya karɓa, bai yi gardama ba, aka kashe shi aka ba ni.

Muka iske an fara kwance bukkoki, mata na ɗaure ƙore a kan jakuna. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin kaɗanya. Ardo ya fito, dogo, siriri, da sanda a kafaɗa. Aka yi gaisuwa har na fara kaɗa ƙafa. Sannan Dakta ya ce, "Sa'a, buɗe muna."

Na kunna akwati. Fitila ta kama, waifai ya fito, wayata ta kama shi. Shafi ya ƙi buɗewa. Na jira. Na kashe na kunna. Haka. Na sake. Haka.

"Caji na," in ji Dakta. "Ba ki cika fawa bank ɗin ba."

"Dakta, dubi fitilunshi duka a kunne. Zafi na, rana ta buge shi cikin jaka."

Anti Balkisu ba ta ce caji ba, ba ta ce zafi ba. Ta zaro tsohuwar kwamfutarta ta cinya, ta haɗa ta da akwatin da igiya, ta tsura wa wani farin rubutu a kan baƙin allo ido. Ta kira ni da hannu. "Zo ki gani, ƙanwata. Kalli lambar ga." Na ga lamba tana hawa, tana hawa, sai ta faɗi ƙasa, ta sake fara hawa. "Wikin na kwasar kaya shina zubawa bisa faifai. Faifai na cika, akwati na kashe shi don kar komi ya tsaya, sai shi sake farawa. Haka za shi yi ta yi har gobe."

"Na faɗa! Ban faɗa ba a ofis?"

"Kin faɗa," ta ce, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Ni ce ban tashi da wuri ba. Yanzu bari mu yi aiki."

Wallahi da ta yi musu da na fi jin daɗi, don na shirya faɗa.

Ni dai ganina lokaci na tafiya, ƙanƙara na narkewa, kuma na san abin da ke cikin saƙon. Na juya wurin Ardo na ce, "Baffa, na'ura ce ta samu matsala, amma ni na karanta. Baffa Juli ya ce ka yarda a yi allura."

Ya dube ni a natse. "To, ɗiyata. Mi ya ce kafin nan?"

"Kafin nan gaisuwa ce kawai."

"Wa ya gaida?"

Wannan kam ba a rubuta shi a shafin ba. Ya gyara sandarsa, ya juya yana kallon shanunsa. Dakta ya harare ni ta gefen ido.

Sai Anti Balkisu ta ajiye kwamfuta, ta taso, ta durƙusa gabansa. Ba ta yi masa turanci ba, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce, "Allah shi ja da ran Ardo. Muryar Baffa Juli na nan ciki, ba ta ɓace ba. Kaya munka ɗora ma akwatin fiye da ƙarfinshi, ya kasa tashi. Sauke mai zan yi. Ka ba ni zuwa azahar."

Ardo ya yi ɗan murmushi. "Ashe abin naku ma jaki na." Ya ɗaga kai ya dubi rana. "Da mun yi azahar za a kora su mashaya. In sun tahi, sun tahi."

Ta dawo ta kashe akwatin, ta zare katin, ta sa a kwamfutarta. Na leƙa. Muryoyi ne jere har ƙasa, kuma ba ɗaya mai suna, duk lambobi ne irin waɗanda waya ke raɗa wa abu. Shafin wiki ne kaɗai ya san wace lamba ce ta wa, shafin kuma ba ya buɗewa sai wiki ya tashi. In an ce a bi su ɗaya bayan ɗaya ana saurare, da gaisuwarsu da komai, sai shanun sun kai ƙasar Benin sun dawo.

"Anti, goge tsofaffin kawai. Duk na kafin damina. Wa ke neman su?"

"Akwai muryar Ardo Sambo a ciki. Kin san ya rasu."

"To goge hotuna."

"Sa'a, hannuna ba ya goge abin da ban duba ba. Zauna."

Ban zauna ba. Na tsaya a kanta ina kallo. Ta buɗe sabon ɗaki a cikin katin, wajen inda wikin ke kwasa in ya tashi. Sai na ɗauka za ta tura su can a wuce wurin. Ina! Sai da ta fara kwafe katin gaba ɗaya zuwa kwamfutarta. Wani ɗan koren layi ya fara rarrafe, kamar ba ya son zuwa.

"Anti! Wannan kuma na mine? Lokaci hwa!"

"In hannuna ya kuskure, ina da inda zan koma. In ban kwafe ba na kuskure, mi za ki gaya ma mutanen da sunka ba mu muryarsu?"

Dakta na buɗe kula yana taɓa ƙanƙara yana rufewa, har na ce masa shi ne zai narkar da ita da buɗe-buɗe. Matar Ardo ta kawo mana nono da fura a ƙwarya. Ta kalle ni ina safa da marwa ta ce, "Wagga ɗiya, ƙasa na da zafi na?" Kowa ya yi dariya ban da ni. Anti Balkisu kuwa ta karɓi ludayi tana sha, tana tambayar matar yaranta da sunan kowanne, idonta ɗaya na kan koren layin. Na ga gumi na bin wuyanta, na ga yadda ta riƙe ludayin da ƙarfi. Ashe ba wai ba ta damu ba ne. Ta hana damuwar shiga hannunta ne kawai.

Inuwa ta fara komawa gindin itace lokacin da layin ya cika. Daga nan abin bai ɗauki komai ba. Ta kwashe muryoyi da manyan hotuna ta mayar sabon ɗakin, ta zare kati, ta miƙo mini. "Ke ce mai akwati. Sa ki kunna."

Na sa na kunna. Lambar ta hau kaɗan ta tsaya cak, ko rabin faifan ba ta ci ba. Shafi ya buɗe a wayata da saurin da ban taɓa gani ba tun da aka ba ni shi. Na nemo shafin rugar Ardo Manu, ga lambar muryar a rubuce. Anti ta nemo ta a cikin kwafin da ke kwamfutarta, ta ƙure sauti, ta ajiye gaban Ardo.

Muryar tsoho ta fito, da kukan maraƙi a bayanta. Sallama, sannan gaisuwa, Fulatanci da Hausa a cakuɗe. Ni kuma ina ganin samari sun fara kwance igiyoyin maruƙa. Na miƙa yatsa zan ja maganar gaba zuwa wurin saƙo. Anti ta kama wuyan hannuna ta riƙe.

Sai na lura da Ardo. Ya sauke sandarsa ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa, yana amsawa kamar mutumin na zaune gabansa. "Jam tan. Lahiya lau. Jam tan." Baffa Juli ya gaida matar Ardo, ta amsa daga inda take tsaye. Ya tambayi ƙafar wani yaro da ta karye, aka ce ta warke. Ya bi gidan kaf. Sannan ya shiga shanu, ya ce wani abu da Fulatanci, na ji sunan Woɗe a ciki, sai ya yi dariya irin ta tsofaffi har da tari.

Ardo ya miƙe tsaye. Muryar ba ta ma kai wurin saƙon ba. Ya ƙwala wa samari kira, ya ce a tsai da garke.

"Mi yaf faru?" na tambayi Dakta, don shi yana jin Fulatanci.

Dakta na buɗe kula yana ba ni amsa. Ashe akwai jar saniya a garken, Woɗe, ta Baffa Juli ce. Habbanaye ce, wato aron saniya da Fulani ke yi tsakanin aminai: ka riƙe ta ta haihu a hannunka, 'ya'yan naka ne, uwar ta koma wurin mai ita. Ardo ba zai bari allura ta taɓa saniyar wani ba da izninsa ba, kuma ba zai yi wa nasa ya ware ta amana ba, kamar ya fi son nasa. Kunya kuma ba za ta bar shi ya bayyana wa baƙi wannan ba. Abin da Baffa Juli ya faɗa a cikin gaisuwa shi ne, yaya Woɗe, har yanzu tana harbi? In masu allura sun zo a fara da ita, ta rage rashin kunya.

Wanda ya naɗo muryar bai rubuta wannan a shafi ba, don a wurinsa gaisuwa ce. Ni ma da na ja yatsana, da mun tsallake shi.

Ardo da kansa ya kamo Woɗe. Ta kuwa yi harbin, saura kaɗan ta samu gwiwar Dakta, ya yi tsalle yana salati, mata na shewa. Aka yi wa garken duka, ƙanƙara da sauranta a kula. Azahar ta ɗan wuce, amma ba wanda ya ambata. Da za mu tafi Ardo ya ce a naɗi tasa amsar, ko Allah zai haɗa mu da Baffa Juli. Ni na riƙe wayar. Ya yi gaisuwa har hannuna ya yi tsami, ban motsa ba.

Da muka dawo Bagudo, Anti Balkisu ta zauna ta gyara abin yadda ya kamata. Yanzu murya da hoto a rumbu suke zama, shafi yana riƙe da hanyar zuwa gare su ne kawai, sai ka taɓa sannan akwati ya ɗauko wadda ka nema ita kaɗai. Ba a sayi sabon akwati ba, shi ne dai wannan da kuke gani da tabon faɗuwa a gefe. Ta kuma yi mini wani ɗan shafi da ke nuna yawan abin da ke kan faifai. Shi nake dubawa kullum da safe, kuma sai na kashe na kunna na ga ya tashi da idona, don akwatin da ya kwana lafiya ba shi ne ya tashi lafiya ba, in an yi masa lodi da yamma.

Abin da na koya a wurin matar nan ba a sakandare ake koyar da shi ba. Ba ta zato, sai ta duba. Ba ta matsar da abu sai ta kwafe. In laifinta ne ta faɗa da kalma biyu ta ci gaba da aiki. Kuma da na'ura ta kasa ɗaukar mutanenmu yadda suke, ba ta ce a rage mutanen ba, na'urar ta gyara wa zama. An mayar da ita wani yanki yanzu, ni ke riƙe da kujerarta, kuma ban kai ta haƙuri ba, kun fi kowa sani.

Saboda haka ga dokokin, kada in ji wani ya ce ba a gaya masa ba. Hoto ku rage masa girma yadda kuka ga dama. Murya ku sa ta a ɗakinta, ba cikin shafi ba, kuma ku raɗa mata sunan mai ita. Har yau doguwar gaisuwa na cin raina, in ana yi ƙafata na kaɗawa. Amma duk wanda na kama ya yanke ta a cikin akwatin nan, ni da shi ne.